FILIN MANOMA: Yadda Iri Ke Musayar Gado, Daga Yisti Har Shinkafar Fadama

Tun da aka datse Kogin Kano a Tiga cikin 1974, aka kuma datse Challawa cikin 1992, ruwan Kogin Haɗeja ya daina zuwa yadda kakanni suka san shi. Ga kachala ta toshe hanyoyinsa, sai ya rasa mabi ya fantsama inda ya ga dama. Manoman shinkafa na ƙasar Kirikasamma, daga Marma har Baturiya, ba su bukatar a ba su labari. Cikin 2020 da 2022 ruwa ya shafe gonaki masu yawa a ƙasar Haɗeja, mutum yana tsaye bisa tudu yana duban wurin da ya zuba kuɗinsa ya zama tafki.

A wuri irin wannan, shinkafar da za ta nutse kwana goma ko fi, sa'an nan ta farfaɗo in ruwa ya janye, ba ƙaramin abu ba ce. Akwai ta kuwa. Cikin 2017 aka fito da iri biyu a Nijeriya, FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka shirya su domin wannan. Waɗansu in sun ji haka sai su zaci wani magani aka jiƙa irin da shi. Babu magani. Abin da ya faru wata musaya ce wadda ke aukuwa cikin furen kowace shuka kowace damina, ba wanda ya gan ta. Wurin da masana suka fi gane ta sarai kuwa, in kun ji za ku yi mamaki, cikin yisti ne, wannan da masu gidan burodi ke saye, mata kuma su zuba cikin ƙullun waina don ya kumbura.

Yisti abu ne mai rai, dangi ɗaya suke da naman kaza da funfuna. Ƙanƙantarsa ta kai sai an jera wajen guda 200 kafin su cika milimita ɗaya, saboda haka sai da madubin likita a ke ganinsa. In ya sami sukari da ɗumi, sai ya ci, ya riƙa fid da iska, ita ce ke ta da ƙullu. Yadda ya ke yaɗuwa a nan ba wuya. Sai wani ɗan ƙululu ya fito a jikinsa, ya girma, ya ɓalle, ya zama wani yistin, cikin sa'a biyu ko ƙasa da haka. Ɗan kuwa daidai ya ke da uwar, ba abin da ya raba su, kamar dai yadda a ke dasa rogo ko rake ko dankali. Shekara da shekaru masana suna tsammani iyakar hanyarsa ke nan, sai cikin 1935 wani malami na ƙasar Denmak, Ojvind Winge, ya nuna ashe yisti ma yana aure. Cikin 1943 kuma Carl Lindegren da matarsa Gertrude a Amurka suka gano jinsi biyu ne, suka sa wa ɗaya suna a, ɗayan alfa. In sun gamu sai su manne, su narke su zama ƙwaya ɗaya.

Kafin mu ci gaba, sai mun san inda gado ke zaune. Cikin kowace ƙwayar halitta, ta yisti ko ta gero ko ta mutum, akwai waɗansu zarurruka masu tsawo a nannaɗe, masana suna ce da su kuromosom, mu kuwa a nan za mu ce igiyar gado. Duk wanda ya zauna bakin ruwa ya san mamari, igiyar nan ta masunta mai ƙugiyoyi jere. To, ku ɗauka haka igiyar gado ta ke, kowace ƙugiya hali guda ce, kowace kuma da mazauninta, ba ta sake wuri. Wannan ta tsawon kara, waccan ta launin ƙwaya, ta can ta saurin nuna. Yisti yana da igiya 16, ɗauke da irin waɗannan ƙugiyoyi wajen 6,000, an gama karanta su duka cikin 1996. In a da alfa sun haɗu, igiyoyin sun zama 32, watau biyu biyu sau 16, ɗaya daga wannan gida ɗaya daga wancan. Haka abin ya ke ga amfanin gona. Gero yana da biyu biyu sau 7, dawa da masara sau 10, wake sau 11, shinkafa sau 12, ɗan Adam kuwa sau 23.

Muddin da abinci, wannan ƙwaya mai igiya 32 sai ta ci gaba da ƙululunta. Ran da yunwa ta kama ta, ran nan aiki ke tashi. Da fari sai ta kwafi kowace igiya, ɗaya ta zama biyu. Sa'an nan kowace igiya ta gidan a ta nemi takwararta ta gidan alfa, su kwanta gefe da gefe, ƙugiya tana duban ƙugiya, igiya huɗu ke nan a kowane rukuni. Suna nan kwance sai ƙwayar ta yi abin da ba wanda zai zata, ta sa wuƙa ta yayyanke igiyoyinta da kanta, wuri wajen 150 zuwa 200. Wuƙar wani sinadari ne da a ke kira Spo11, Scott Keeney da abokan aikinsa ne suka gane aikinsa cikin 1997. Bayan yanka sai ɗauri. A waɗansu wuraren, maimakon a ɗaura guntun igiya da ɗan'uwansa na asali, sai a ɗaura kan igiyar a da wutsiyar igiyar alfa, kan ta alfa kuma da wutsiyar ta a. Da ya ke daidai wuri ɗaya a ke yin yankan da ɗaurin, ba ƙugiyar da ta ɓace, ba wadda ta ƙaru, amma igiyar da ta fito sabuwa ce, ba a taɓa yin irinta ba. Irin wannan musaya ta kan kai wajen 90 cikin ƙwayar yisti guda. Daga nan sai ƙwayar ta rabu biyu, ta sāke rabuwa, 'ya'ya huɗu su fito, kowane da igiya 16.

Abin da ya sa yisti ya fi gero ko shinkafa daɗin bincike ga shi. Cikin fure ma huɗu huɗu a ke yi, amma bununi da ya bushe sai iska ta watsa shi, ba mai iya cewa wannan da wannan ɗaki ɗaya suka fito. Yisti kuwa sai ya ƙulle 'ya'yan nan huɗu cikin 'yar jaka guda. Mai bincike ya sa allurar gilashi mai siririn baki ƙarƙashin madubi, ya fasa jakar, ya jera su ɗai ɗai bisa faranti mai abinci, bayan kwana biyu ko uku kowane ya yaɗu har ido ya gan shi. Akwai wani yisti ja. In an aura shi da fari, aka fasa jaka, sai a ga biyu ja, biyu farare. A fasa ɗari, haka za a yi ta gani. In kuma ana bin hali biyu a tare, nan a ke kama musaya da hannu dumu-dumu. A ce jan yana da wani hali na biyu a kan igiya ɗaya da jar ƙugiyar. In ba a yi yanka tsakaninsu ba, duk ɗan da ya fito ja da halin nan zai fito. In an yi, sai a ga ja ba shi da halin, fari kuwa ya ɗauka.

Jefi jefi kuma sai jaka ta ba da uku ja ɗaya fari, ko uku farare ɗaya ja. Lindegren ya ba da labarin wannan wajen 1953, malamai da yawa suka ƙi yarda, suka ce aikinsa ne bai yi kyau ba. Daga baya waɗansu suka maimaita, suka tarar abin yana faruwa. Ku akawuna za ku fi saurin ganewa. A ce akawu biyu suna riƙe da littafin lissafi iri ɗaya, sai gara ta ci rabin shafi a na ɗayan. Me zai yi? Sai ya ari na abokinsa ya kwafa. In kuwa a wannan layin na abokin ya ɗan bambanta da nasa na dā, to, na abokin ne zai shiga littattafan duka biyu. Haka igiyar da aka yanka ke yi. Bakin yankan ya kan ɗan zaizaye, sai ta cusa kanta cikin takwararta ta kwafi abin da ta rasa. Wani Bature na Ingila, Robin Holliday, shi ya fara zana yadda igiyoyin ke sarƙewa cikin 1964, shi kuwa a kan wani ciwon masara ya ke aiki, ɗan'uwan burtuntunar da ke ɓata mana dawa. Cikin 1983 Jack Szostak da malamai uku suka ce da yankewar igiya gaba ɗaya abin ke farawa, a kan yisti suka dogara, maganarsu ce kuwa ta tsaya. An kuma tarar in aka hana yisti wannan yanka, igiyoyin ba su rabuwa daidai, wani ɗa ya sami ƙari wani ya rasa, yawancinsu su mutu. Tsiro ma in ya rasa irin wannan wuƙa, sai ya yi fure ba ƙwaya.

Kada wani ya ce ai wannan zancen yisti ne, ina ruwan manomi. Tun cikin 1931 mata biyu a Jami'ar Cornell ta Amurka, Harriet Creighton da Barbara McClintock, suka nuna shi cikin masara. Sun sami wata masara wadda igiyarta guda ke da ƙulli a baki ɗaya, ana ganinsa da madubi. Suka aura ta da wadda ba ta da shi, suka ga duk inda halayen ƙwaya suka yi musaya, ƙullin ma ya ƙaura. Bambancin kawai shi ne amfanin gona ba shi da yawan musaya kamar yisti. Sau ɗaya ne, ko biyu, ko uku a kowane rukunin igiya.

Wannan ƙarancin shi ne tushen wahalar masu gyaran iri. Ku koma ga mamari. Ƙugiyar da ke wannan baki da wadda ke wancan baki, duk inda wuƙa ta faɗa ta raba su. Amma biyu da ke maƙwabtaka, tazarar ɗan yatsa, da wuya wuƙa ta faɗa daidai tsakaninsu, sai su yi ta tafiya tare daga uwa zuwa 'ya zuwa jika. Hali mai kyau in ya yi rashin sa'ar maƙwabta, duk gidan da ya shiga da su zai shiga. Zama da maɗaukin kanwa, an ce, shi ke kawo farin kai.

Haka ya faru da shinkafar ambaliya. A jihar Odisha ta gabashin Indiya manoma suna da wata tsohuwar shinkafa, masana suka zaɓo ta suka sa mata lamba FR13A. Tana jure nutsewa har mako biyu, amma ba ta da yalwa, ƙwayarta kuma ba ta kasuwa ba ce. Malaman Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin sun daɗe suna aura ta da iri masu yalwa, 'ya'yan su fito da jure ruwa, su kuma fito da munanan halayen uwarsu, manoma su ƙi karɓa. Cikin 1996 Kenong Xu da David Mackill suka gano yawancin jurewar nan wuri guda ta ke, a kan igiya ta 9, suka sa mata suna Sub1. Cikin 2006, tare da Pamela Ronald ta Jami'ar Kalifoniya, aka kama ainihin ƙugiyar. Da aka san mazauninta, aka kuma san alamomin maƙwabtanta na dama da hagu, sai aiki ya yi sauƙi. Ba sai an jira shuka ta girma an nutsad da ita ba, ɗan ganye kaɗan a ke tsinka a auna.

Ga yadda a ke yi. A aura mai jure ruwa da iri mai yalwa, 'ya'yan rabi da rabi ke nan. A mai da su ga mai yalwa, gadon baƙuwar ya koma kashi ɗaya cikin 4, a sāke ya koma ɗaya cikin 8, a sāke ɗaya cikin 16, kowane zagaye ana tsame masu Sub1. Sauran igiyoyin suna wankewa da sauri, amma yankin da ke kewaye da Sub1 ya kan liƙe, don shi a ke zaɓa. Sai an dace da shukar da wuƙa ta faɗa mata dab da ƙugiyar. Ku 'yan kasuwa ku yi lissafi. A ce musaya kusa haka ta kan auku sau ɗaya cikin 100 ta dama, sau ɗaya cikin 100 ta hagu. Wanda ya ce sai ya sami duka biyun cikin shuka ɗaya a zagaye ɗaya, sai ya auna 100 sau 100, watau shuka 10,000. Wanda ya yi haƙuri ya nemi ta dama bana, ta hagu a zagaye mai zuwa, 'yan ɗaruruwa sun ishe shi. Ta haka aka sami Swarna-Sub1, aka ba manoman Indiya cikin 2009. Ta haka kuma Cibiyar Shinkafa ta Afirka da Cibiyar Binciken Hatsi ta Badeggi suka shigad da halin cikin iri da manomanmu suka riga suka sani, aka sami FARO 66 da FARO 67. Ba wata halitta aka ɗebo aka cusa ba, shinkafa ce aka aura da shinkafa.

Amma fa a ji wannan da kyau, don kada dillalin iri ya ci kuɗin mutum a banza. Dabarar Sub1 lafewa ce. In ruwa ya rufe ta sai ta daina girma, ta tsuke bakin aljihu, ta ajiye abincin da ke jikinta har ruwa ya wuce. Tsohuwar shinkafar fadamarmu, wadda a ke shukawa da ruwan sama kafin kogi ya kawo, dabararta dabam ce, ita miƙewa ta ke yi tana bin ruwa yana hawa tana hawa. Saboda haka gonar da ruwa ke faɗa wa farat ɗaya ya janye cikin kwana goma ko mako biyu, nan ne wurin sabon irin. Kwarin da ruwa ke kwanciya wata ɗaya ko biyu, mai lafewa za ta lafe har ta ruɓe. A ganina manomin da ke da kwari mai zurfi bai kamata ya yar da irin kakanninsa ba don ya ji sunan sabo. Kowa ya san gonarsa fiye da mai sayad da iri, sai ya auna kwana nawa ruwa ke yi a cikinta.

Saura maganar ajiye iri, wadda ita ma a kan wannan musaya ta rataya. Furen shinkafa da kansa ya ke barbarar kansa, sau da yawa tun bai gama buɗewa ba, baƙon bununi da ƙyar ya ke samun ɗaya ko biyu cikin 100. Saboda haka igiyar uwa da ta uba cikinta iri ɗaya ne. Ana yanka, ana ɗauri, amma an ba da mudu an karɓi mudu irinsa, ba abin da ya sāke. Wanda ya sami FARO 67 na gaskiya yana iya ajiye irinsa shekara biyu ko uku, halin jure ruwa ba ya gudu. In ka ga shinkafarka ta rikice, wata doguwa wata gajera, wata ta nuna wata ɗanya, kada ka ce iri ya gaji. Duba wurin bugu, da buhunan da ka ara, da injin da ya bugi ta maƙwabci kafin taka, da ƙwayar bara da ta zube ta tsiro. Wake ma kusan haka ya ke.

Masara mai aure, wadda a ke saye cikin leda, ita ce kishiyar wannan. An haɗa gida biyu mabambanta ne da gangan, igiyar uwa dabam ta uba dabam, shi ya sa shekarar fari ta ke fitowa kai ɗaya, da ƙarfi. Da ta yi fure musaya ta soma aiki, kowace ƙwaya da nata rabon. Wanda ya ajiye ya shuka baɗi zai ga gona kamar kasuwa, amfanin kuma ya ragu. In mai kanti ya ce maka sai ka sayi sabuwa kowace shekara, a kan masara mai aure gaskiya ya faɗa. In ya faɗi haka a kan shinkafa irin FARO, neman ciniki ya ke yi.

Gero kuwa shi ne ɗan yawon. A kan zangarniya guda, sashen mace ke riga fitowa, sai bayan kwana biyu ko uku bununi ya biyo, kafin nan iska ta riga ta kawo na waɗansu. Yawancin ƙwayar da ke kan gero ubanta na wani kara ne, wani lokaci na wata gona. Nan shibra ke samun ƙofa. Shibra jinin gero ce da geron daji, tana kama da gero sak har sai ta fid da kai, sa'an nan a ga zangarniya 'yar siririya mai gashi, ƙwayarta kuwa ta zube ƙasa tun ba a zo girbi ba. Masu bincike na Faransa sun tarar halayen da suka raba geron gida da na daji, kamar riƙe ƙwaya da rashin dogon gashi, yawancinsu a cunkushe suke wuri ɗaya bisa igiya biyu daga cikin bakwai ɗin. Maƙwabtakar da ta wahalad da masu shinkafa ita ce ta yi wa masu gero rana, domin halayen gida suna tafiya a dunƙule, wuƙa ba ta cika raba su ba, shi ya sa gero bai narke cikin na daji ba duk da shekaru dubbai suna shaƙar iska ɗaya.

Duk da haka shibra ɗaya da aka bari ta yi bununi ta isa ta shafi kawuna masu yawa, ba kuwa za a gani a ƙwayar bana ba, sai baɗi. A tuge ta da ta fid da kai, kada a jira ta yi bununi, kada kuma a ce a bar wa dabbobi sai an yi girbi. Wanda ya shuka SOSAT ko wani gyararren gero yana so ya riƙe shi, sai ya ɗebi irinsa daga tsakiyar gona, nesa da iyakar maƙwabci, tun gero yana tsaye ana ganin karansa da lafiyarsa. Ya ɗebi kawuna da yawa, ɗari ko fi, ba 'yan manya biyar ko shida ba, don gero in aka tsuke danginsa ƙarfinsa raguwa ya ke yi. A ɗaure damin iri dabam, a rataye shi inda ba zai gauraya da na ci ba. Bayan damina uku, a nemi sabo wurin malaman gona.